Ina son sauya wa motata fuska, uwargida ta daina shiga cikinta

Assalamu alaikum Malam,

Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, shekarata 42, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shagonmu na haɗin gwiwa ne da yayana, muna harkar riɗi da wake. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, direban wani attajiri ne, kuma tun ina ƙarami ni nake wanke jif ɗin maigidan nasa kafin na tafi makaranta. Tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa wata rana sai na mallaki irinta. Bara Allah ya cika min burina, na sayi Lexus LX 570 ƙirar 2010, 'yar Amurka, takardunta cikakku.

Yanzu ina so a yi mata afgired, a mayar da gabanta da bayanta irin na 2020, a sa mata wili mai inci 24, baƙin gilashi, babban allo da sabon sitiyari. Wani gareji a Abuja ya yi min kuɗin aikin naira miliyan 9. Abokina ya ce idan na yi, duk ranar da na tashi sayarwa kuɗina zai dawo har da riba, kuma a kasuwa yadda aka gan ka haka ake yarda da kai.

Matsalar ita ce uwargida. A farkon 2023 kasuwa ta juya mana baya, sai ta ɗauko sarƙarta da awarwaronta na gwal da ta gada wurin mahaifiyarta, ta ba ni na sayar na rufe wani bashi. Na yi mata alkawarin zan mayar mata da zarar abubuwa sun daidaita. Ba ta taɓa tambayata ba, ko da na sayi motar ma addu'a ta yi min. Amma ranar da ta ji ni ina waya da mai gareji sai ta ce, "Ashe abubuwa sun daidaita." Tun daga ranar ba ta sake shiga motar ba, ko unguwa za ta je sai dai ta hau adaidaita sahu. Yaya kuma ya ce kada na kuskura na taɓa kuɗin shago ga kaka na tafe. Ga shi bakanikena ya ce a duba motar, wai tana kwantawa ta gefe ɗaya idan ta kwana a ajiye.

Malam, ban ci kuɗin kowa ba, gumina ne. Laifi ne mutum ya ji daɗin abin da ya wahala kafin ya samu? Ka ba ni shawara, don Allah.

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa. Mota kuma Allah ya sanya alheri, ya kare ka daga sharrin ƙarfe.

Bari na fara da tambayar da ka rufe wasiƙarka da ita, domin na ga ita ce take ci maka rai. A'a, ba laifi ba ne. Yaron da ya riƙa tashi da sanyin asuba yana goge motar da ba shi da damar zama a cikinta, ya girma ya nemi halalinsa a tsakanin buhuna har ya sayi irinta da kuɗinsa, ya cancanci ya tsaya a ƙofar gida ya kalle ta zuciyarsa ta yi fari. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Allah kyakkyawa ne kuma yana son kyau, an kuwa faɗi haka ne a lokacin da aka yi tambaya kan mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Saboda haka ba zan kira son da kake yi wa motar nan almubazzaranci ba. Zaɓin da ka yi ma mai kyau ne. LX 570 da Land Cruiser ta zamaninta shasinsu ɗaya ne, kuma injinta mai silinda 8 da lita 5.7 yana daga cikin injina masu juriya da Toyota ta ƙera. Idan ka riƙe ta da kyau, babban ɗanka ma zai tuƙa ta.

Sai dai da na gama karanta wasiƙar na ga masu bin ka haƙƙi uku a ciki: uwargida, da Yaya, da ita kanta motar. Fuskar 2020 ce kaɗai ba ta bin ka komai, kuma ita ce kake shirin fara sallama.

Ka sake karanta abin da ka rubuta game da uwargida, a hankali. Gwal ɗin nan na mahaifiyarta ne. Mace takan rabu da kusan komai nata kafin ta taɓa irin wannan, domin shi ne abin da take ɗaukowa ta riƙe idan kewar uwa ta taso mata, shi ne kuma take burin wata rana ta sa wa 'yarta a wuya ranar aure. Ta ɗauko shi da hannunta a lokacin da masu bashi suke ƙofa, ta rufa maka asiri, wataƙila har yau 'yan'uwanta ba su san ya bar hannunta ba. Duk bikin dangi da ta halarta babu sarƙar a wuyanta, ita ce take neman amsar da za ta bayar idan ƙanwarta ta tambaya. Bayan wannan ka shigo da mota ta miliyoyi, ta yi maka addu'a, saboda ta san tarihin motar a zuciyarka. Ina kyautata zaton ta rarrashi kanta da cewa mota buƙata ce, kuma bayan mota ita ce a layi. Wayar da ta ji kana yi ita ce ta nuna mata bamba da fitila ma sun sha gabanta. Maganar da ta faɗa maka kuwa alkawarinka ne ta maimaita, ba ta ƙara komai a kai ba. Ni a wurina matar da ta yi haƙuri haka, sannan da abin ya ishe ta ta zaɓi hawa adaidaita sahu maimakon ta kai ƙararka gidansu, mace ce mai mutunci da ya kamata ka riƙe da hannu biyu.

Ka ce ba ka ci kuɗin kowa ba. Na yarda ba ka yi niyyar haka ba, amma Alhaji, bashi yana kanka. Shirun da ta yi kara ce da kunya, kada ka lissafa shi a matsayin yafiya. Kuma bashin nan ya fi yadda kake zato girma. Kafin tsakiyar 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura naira 1,500. Gwal kansa a kasuwar duniya bai kai dala 2,000 kowane oza ba a farkon 2023, a watan Maris na 2025 ya tsallake dala 3,000. Idan ka haɗa biyun za ka ga kuɗin da aka ba ka a wancan lokaci yau ba zai sayi rabin nauyin abin da ka sayar ba. A wurin malamai akwai bambanci tsakanin a ce gwal ɗin kansa ta ba ka rance, wanda da irinsa ake biya nauyi da nauyi, da a ce ta wakilta ka ne ka sayar sannan ta ranta maka kuɗin. Ka zauna da malamin da ka amince da shi ka warware masa yadda kuka yi. Amma ko hukuncin ya ce naira ce a kanka, ni shawarata ka biya da gwal. Ta ba ka abin sawa a wuya, kada ka mayar mata da kuɗin da ba zai sayi ɗan kunne mai nauyi ba. Ka nemo rasit ɗin sayarwar idan yana nan, ko ka koma wurin wanda ya saya ya duba littafinsa, ka san giram nawa ne kuma karat nawa, 18 ne ko 21 ko 22. Daga nan ka tambayi farashin giram a yau. Kada ka yi mamaki idan lissafin ya kusa cinye miliyan 9 ɗin da ka ware.

Maganar Yaya ba ta buƙatar dogon bayani, domin ka fi ni sanin gaskiyarsa. Daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara ne sabon riɗi da wake suke shigowa, a lokacin ne kuɗi a hannu yake da daraja, wanda ya rasa jari a kaka ya rasa shekarar. Sannan kuɗin shagon haɗin gwiwa ba naka ne kai kaɗai ba har sai an raba. Ku zauna ku fitar da ribar kowa a rubuce bayan an gama saye, abin da ya faɗo a rabonka shi ne kake da iko da shi. Yin hakan zai kare zumuncinku, domin na sha ganin 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan kuɗin da ɗaya ya ɗauka da niyyar mayarwa.

Yanzu mu zo kan motar, don bakanikenka ya faɗa maka magana mai nauyi ka wuce ta a layi ɗaya. LX 570 ba a kan shokozoba irin na sauran motoci kawai take tsaye ba. Tana da tsarin ɗagawa da saukewa da yake aiki da wani mai na musamman, da famfo, da bututu zuwa kowace taya, da wasu ƙwallaye masu iskar gas a ciki da suke shanye girgiza. Shi ne ya sa kake danna maɓalli ta ɗaga ko ta durƙusa, shi ne kuma sirrin laushin da kake ji a ciki. Idan ta fara kwana a karkace, to ko mai yana zuba a wani wuri, ko na'urar auna tsayi ta wannan gefen ta lalace, ko sifirin ɗin ya gaji. Ka durƙusa da safe ka leƙa bayan tayar da ta fi yin ƙasa, ka duba ko jikin shokozoban ya jiƙe da mai ƙura ta manne a kai. Idan kuma kana jin tana tsalle a kan ƙananan gargada kamar babu abin da yake tare ta, ƙwallayen ne suka mutu, kuma a motar da ta haura shekara goma wannan ba abin mamaki ba ne. Kada ka bari kowa ya zuba mata man birki ko man giya a wannan tsarin, nata daban ne, wani man yana cinye robobin ciki. Akwai masu cire tsarin gaba ɗaya su sa shokozoba da sifirin na gama-gari. Hanya ce mai sauƙin kuɗi a gaba, amma laushin da ya bambanta Lexus da sauran zai ragu, don haka kada a yi maka shi sai ka sani ka kuma yarda.

Tunda za a ɗaga ta, a duba sauran wuraren da wannan ƙirar ta saba ba da matsala. Saman lagireto ɗinta roba ne, kuma an san shi da yin siririn tsagu a tsakiya idan ya tsufa. Famfon ruwa yakan fara zubarwa a hankali, alamarsa busasshen ruwan hoda a jikin inji. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, waɗannan biyun ne suke iya ƙona maka inji a hanya, kuma kuɗin injin nan kaɗai ya isa ya sa ka ajiye motar wata da watanni. Ka tabbata ruwan sanyaya inji na asali ake zuba mata ba ruwan famfo ba, kuma kada ka yarda a cire mata tamostat, wato na'urar da take daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. A duba birki, domin motar ta haura tan biyu da rabi. A karanta shekarun tayoyi: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, idan ka ga 2319 to an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Ka sa bakanike ya rubuta maka duk abin da ya gani da kuɗin kowanne, sannan ka kai ta wurin wani masanin Toyota na biyu ya saka mata kwamfuta ya faɗi nasa.

Ka kuma zauna da biro ka lissafa abin da take ci ko ba ta lalace ba. A cikin gari lita ɗaya ba ta wuce kai ta kilomita 5 zuwa 6, tankin 'yar Amurka lita 93 ne, juyen baƙin mai ɗaya ya haura lita 7. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, cika wannan tankin ya zama abin da ake shirya wa. Inshorar dole ta naira 15,000 wanda ka buge take biya, ba ta biyan motarka. Cikakkiyar inshora kuwa hukumar da take kula da harkar ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara, kuma akwai ta takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, ga wanda ya fi natsuwa da ita. Mutumin da yake da irin motarka ya kamata a ce yana da wani kuɗi a gefe da ba ya taɓawa sai don ita. Idan miliyan 9 ɗin nan ita ce duk abin da ke gefe, ranar da ka kashe ta a ado ka bar motar ba ta da mai jinya.

Shi kansa aikin sauya fuskar, bari na faɗa maka abin da ake yi a ciki. Lexus ta yi wa LX 570 babban sauyi a ƙirar 2016, wanda daga shi ne fuskar 2020 ɗin da kake so ta samo asali, kuma sauyin bai tsaya a fuska ba. An sa mata giya mai hawa 8 maimakon 6, an sake dashbod gaba ɗaya, an ƙara na'urorin tsaro masu hangen abin da ke gaba. Abin da gareji zai sa maka shi ne bamba, bonet, fenda, fitilun gaba da na baya da murfin but, akasarinsu kwaikwayo ne daga Sin. Don fitilun baya su zauna, sau da yawa sai an yanka ƙarfen gefen baya an yi walda an cike an yi fenti, kuma wannan ba ya komawa yadda yake. Za a yanke wayoyin fitila a haɗa da sababbi, a taɓa wurin da na'urorin jin karo suke a gaba, waɗanda su ne suke ba jakar iska umarnin fashewa. Idan aikin ya faɗa hannun gwani za ta yi kyau, ban musa ba. Idan ya faɗa hannun mai gaggawa, bayan damina ɗaya za ka ga raɓa a cikin fitila, gefe ɗaya ya mutu, fenti ya fara tsagewa a inda aka cike, dashbod kuma ya cika da fitilun gargaɗi. Mafi muni shi ne wayar da aka murɗa aka naɗe da salatif a kusa da inji mai zafi. A kowane hali, giyarta da injinta da kilomitocin da ta ci suna nan na 2010.

Wannan ya kawo mu ga maganar abokinka. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ta motarka tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. A motocin Amurka, na goma a jerin shi yake nuna shekara, kuma a taka harafin A ne, wato 2010. Babu dillalin mota a Kano ko Abuja da bai san wannan ba. Kai da kake Dawanau ka san idan aka zuba riɗin bara a sabon buhu, mai saye zai huda ya gani, kuma kuɗin buhun ba ya hawa kan farashi. Akwai masu son motar da aka sauya wa fuska, za su iya ƙara maka wani abu, amma ban yarda ƙarin zai kai abin da ka kashe ba, balle riba. Masu sanin mota kuwa sukan guje ta, domin suna zargin an yi aikin ne don a ɓoye hatsari. Hanya ɗaya da riba take fitowa ita ce a samu wanda bai sani ba a bar shi yana zaton ƙirar 2020 ya saya, kuma ka san abin da hadisi ya ce game da wanda ya ha'ince mu. Na tabbata ba irin wannan ribar kake nema ba.

Batun cewa da mota ake yarda da mutum a kasuwa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ka riga ka samu wannan. Wanda ya fito daga LX 570 mai tsafta babu mai raina shi. Dillalin da zai turo maka kaya daga Jigawa kafin ka biya, abin da yake tambaya a kanka shi ne ko kana cika alkawari a ranar da ka faɗa. Ka kuma tuna sabuwar fuska za ta sa a riƙa yi maka kallon mai motar da ta ninka taka tsada, a wurin masu neman taimako da kuma a wurin waɗanda ba a fatan haɗuwa da su a hanya. Kai mai yawan bin hanyoyin ƙauye ne lokacin saye, wannan abin dubawa ne.

Wili mai inci 24 kam ina roƙonka ka haƙura da shi ko da kuɗi sun yi yawa. Tayar da ta zo da ita mai inci 20 tana da kaurin gefe kimanin santimita 14 tsakanin ƙarfe da ƙasa. Idan wili ya girma dole taya ta sirance, a inci 24 abin da zai rage bai fi santimita 10 ba. Wannan 'yar tazarar ita ce take karɓar dukan rami. Ka faɗa rami ɗaya da gudu, wili ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙari, kuma ba a kowane gari za ka sami irin tayar ba. Ƙarin nauyin yana wahalar da birki da ƙafar motar da ta riga ta fara kuka. Idan sabon kallo kake so, wilin asali na ƙirar 2016 mai inci 21 yana shiga ba tare da an sauya komai ba. Idan kuma tafiyar ƙauye ta fi yawa, inci 18 irin na Land Cruiser ya fi duka.

Sitiyari kuma jakar iska ce a cikinsa, wadda za ta tsaya tsakanin ƙirjinka da ƙarfe ranar da ba a fata. Kada ka musanya shi da wanda ba ka san abin da ke cikinsa ba, gara a sake naɗe naka da sabuwar fata. Haka kujeru, a gefensu ma akwai jakar iska, rigar kujera mai kauri tana iya toshe ta. Allon da ta zo da shi yana haɗe da sarrafa esi, shi ya sa manyan allunan da ake sawa suke yawan kawo rikici. Akwai 'yar na'ura da ake ƙarawa a bayan allon asali ta haɗa shi da wayarka, taswira da kira da karatu duk su fito, ba tare da an yanke waya ba. Baƙin gilashi kuwa dokar 1991 ta hana shi sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2025 rundunar ta sake buɗe neman izinin ta intanet, ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara kotu, aka yi ta ɗage ranar fara kame. Ka binciki inda maganar ta tsaya kafin ka manna komai. Idan zafi ne damuwarka, akwai leda mai haske da take tare zafin rana ba tare da ta rufe ganin ciki ba. Jiniya da rufe lamba kada ma a kawo maka zancensu. Idan wata rana ka sauya launin fenti, ka je a gyara takardun mota su dace.

To me ya rage maka na jin daɗi? Da yawa. Motar 2010 da aka gyara ƙafarta ta tsaya daidai, aka goge fitilunta suka washe, aka yi wa fentinta folish, aka gyara fatar kujerun da ta tsattsage, aka sa mata sababbin tayoyi huɗu masu kyau da tabarmar ƙasa da na'urar bin sawu, mota ce da za ka buɗe ƙofarta ka ji daɗi kullum. Duk wannan ba zai kai kusa da miliyan 9 ba, kuma babu wanda ba za a iya cirewa ba. Idan bayan shekara ɗaya, an biya gwal, kaka ta yi kyau, kuɗin jinyar mota yana gefe, har yanzu zuciyarka tana kan fuskar 2020, to ka auna hanya biyu. Ko dai ka sayar da wannan tana lafiya ba a taɓa jikinta ba, ka cika ka sayi ƙirar 2016 ta gaske, ko kuma ka yi sauyin a garejin da zai nuna maka motar da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce ka duba ta da idonka, ya rubuta maka garanti, ya kuma ba ka tsofaffin kayanka ka adana. Ni ta farko na fi so maka. Idan kuwa lissafin bakanike da na fetur ya nuna motar ta fi ƙarfin abin da yake shigo maka, ka sami ƙaramar mota ta zirga-zirgar kasuwa ka bar wannan don tafiya da iyali, ko ka sauka zuwa Prado. Babu abin kunya a ciki.

Amma kafin duk wannan, ka kira mai gareji ka ce an dakata, sannan ka sami uwargida. Ka bari yara su yi barci, kada ka shiga da dogon bayanin yadda kasuwa take ko tarihin Baba da jif, ta san su duka. Ka ce mata ta yi gaskiya, ka yi jinkiri, kuma kana neman afuwarta. Ka faɗa mata nauyin gwal ɗin da ka gano, da ranar da za ka biya. Idan ba zai yiwu gaba ɗaya ba, ka raba shi biyu ko uku, ka rubuta da hannunka ka ba ta ta ajiye, kuma kashin farko ya fito a cikin wannan watan, ko da awarwaro ɗaya ne. Ku je wurin masu gwal tare ta zaɓa da kanta. Ka sani wanda za ka saya ba zai zama na mahaifiyarta ba, ka faɗa mata ka san da haka, domin ina jin wannan ne abin da ta fi son ta ji daga bakinka. Idan akwai hoton tsohuwar sarƙar, maƙerin gwal zai iya ƙera mai kama da ita. Idan ta ce ta yafe, ka gode mata, sannan ka saya duk da haka. Kada ka matsa mata ta shiga motar, kada ma ka ambaci zancen. Idan ka ga ta ƙi sakin jiki bayan ka yi wannan, ka nemi wata babba da take jin nauyinta, wadda ta riga ta san maganar gwal ɗin, ta sa baki, kada ka kai zancen wurin wanda bai sani ba ka tona abin da ita ta rufe.

Idan bakanike ya ba ka lissafinsa a rubuce, ka turo min shi tare da nauyin gwal ɗin da abin da kake sa ran samu bayan kaka, mu duba tare yadda za a jera su wata-wata. Ka gaida Yaya, ka gaida uwargida da yara.